Rigunan Madam da Wutar da Ta Ƙi Ɗaukewa

Babana tela ne a Fagge. In ka san Fagge ka san wannan ba wani labari ba ne, layinmu kaf teloli ne, shago na jingine da shago tun daga bakin titi har inda kwata ta lanƙwasa. Nasa ne na huɗu, mai koren ƙyaure. Ɗinkin mata yake yi, kuma hannunsa yana da kyau, wannan ko wanda ba ya son sa ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce tak: bai taɓa gama kaya a ranar da ya faɗa ba. Na tashi ina jin amsarsa har na haddace: "Hajiya, kin dai ga halin da ake ciki, babu wuta." In ranar akwai wuta, sai ya ce ba ta da ƙarfi. In aka ce ina janareta, sai ya ce yana wurin mai gyara. Kuma gaskiya rabin rayuwar janaretan nan a can ya yi ta.

Ni ban gaji ɗinki ba. Na gwada, allura ta huda min yatsa sau biyu cikin sati ɗaya, Baba ya ce in je in nemi sana'ar da ba ta da tsini. Sai na koma tuƙin adaidaita sahu.

A shekarar da nake ba da labari, gwamnatin jiha ta haɗa hannu da wasu masu zuba jari aka buɗe wurin haɗa adaidaita mai batir da farantan sola, can wajen unguwar masana'antu. Ni ban san me suka rubuta a takardunsu ba. Abin da na sani, sunana ya fito cikin waɗanda aka ba mashin mai caji, kuma ba a daɗe ba wasu suka zo da tsani suka shimfiɗa farantai a rufin layinmu daga farko har ƙarshe. Suka gina ɗan ɗaki a ƙarshen layi suka jera batura a ciki, suka kafa wurin cajin adaidaita a jikin bangonsa. Makullin ɗakin aka damƙa wa Kawu, mai shagon da ke manne da na Baba, mai ɗinkin manyan riguna. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, zama ne ya sa muke ce masa Kawu. Tun kafin a haife ni suke raba bango ɗaya suna tsokanar juna.

Ranar da aka kunna, shirun ne ya fara ba mu tsoro. Janareta ya kai ashirin a layin nan, duk suka yi tsit lokaci ɗaya. Mutane sun yi sati suna ihu in za su yi magana, don bakinsu bai san an daina haya-haya ba. Kowa ya sayi fanka. Baba ya ba wani ɗan'uwansa na ƙauye janaretansa kyauta, ya ce ya je can ya ci gaba da wahalar da wasu. Tsohon kekensa na ƙafa ma aka rufe shi da katako ya zama teburin shayi.

Sai lokacin Madam ya zo.

Madam 'yar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Tana da rumfar leshi da atamfa a Kasuwar Sabon Gari, kuma ita ce shugabar matan cocinsu. Duk shekara suna bikin godiya na kaka, matan su fito da anko, riga iri ɗaya da aiki a wuya. Tun ina firamare Baba ke ɗinka musu. Shi ne babban aikinsa na shekara, kuma ta dalilin Madam ne matan Sabon Gari suke tsallako titi su kawo masa ɗinkin suna da na aure da na Kirsimeti. In Madam ta juya masa baya, rabin kwastomominsa sun tafi ke nan, kowa a layin ya san haka.

Ni na ɗauko ta ranar wata Litinin, ita da manyan jakunkuna biyu cike da yadi. Tana shiga shago ba ta ko zauna ba, ta ɗaga kai tana kallon silin.

"Malam Tela, me nake gani yana juyawa a sama?"

"Fanka ce, Madam. Sannu da zuwa, ya yara?"

"Yara lafiya. Da me take juyawa?"

"Da ikon Allah."

"Da ikon Allah da sola. Na ga rufinku tun daga titi." Ta ja kujera ta zauna, ta ajiye jakar hannunta a cinya. "To bana ban son jin babu wuta. Riga talatin da biyu ce, ga awon kowa a takarda. Asabar ta sama nake son kayana, ba wannan ba, ta gaba. Lahadi za mu saka."

"Asabar ma ai ta yi nisa," in ji Baba. "Laraba za ki ga kayanki."

Daga bayan bango muka ji Kawu ya yi tari irin na gangan. "Wace Larabar? Ta bana ko ta baɗi?"

"Kai dai ji da rigunan tsofaffinka," Baba ya ce.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Tela, saurare ni da kyau. Matar fastonmu ta samo wata tela a layinsu, kullum tallarta take min a kunne. Shekara da shekaru ina kare ka a gaban matan nan, ina cewa laifin wuta ne. Yanzu me zan ce musu? In Asabar ta yi ban ga kayan nan ba, wallahi na ɗauke ƙafata, kuma ba ni kaɗai zan tafi ba."

Baba ya dafa ƙirji. Ya ce in dai shi ne, ta je ta yi barcinta.

Kwana biyun farko har na fara yarda da shi. Ya shimfiɗa yadi ya yanke rigunan nan tas, ya ɗaure kowace da sunan mai ita a 'yar takarda. Daga nan kuma shiru. Ni kullum da rana nake shigowa layin in saka adaidaita a caji in ci abinci, kuma kullum abu ɗaya nake tararwa: Baba a ƙarƙashin fanka, hula a gwiwa, kofin shayi a kan tsohon keken, shi da Kawu suna gardamar wa ya fi wani daɗewa a layin.

"Baba, kayan Madam fa?"

"Wuta ai tana nan, ina za ta? Bayan la'asar."

In na dawo bayan la'asar sai ya ce ido ya gaji, gobe da safe an fi gani. In na matsa sai ya ce, "Kai yaro, sauri ya haifi nawa." Kuma ba shi kaɗai ba ne. Layin gaba ɗaya ya kwanta. Wani ya kawo dara, wani ya kawo talabijin ana kallon maimaicin ƙwallo. Wuta tana nan safe da yamma, kekuna sabbi fil suna jira, teloli suna shan ruwan sanyi suna ƙiba.

Ranar Litinin ta biyu na ƙirga abin da ya rataye a bango. Riga biyar. Saura ashirin da bakwai, kwana biyar.

Washegari da sassafe ina shan koko a tsakar gida na faɗa wa Umma. Na ce ni kam Baba ya ba ni mamaki, da can yana cewa wuta ce, yanzu ga wuta har ta yi yawa, ashe lalaci ne kawai.

Umma ta ɗago daga bakin murhu ta harare ni. "Kul. Babanka ba rago ba ne. Da wane hannun aka ciyar da kai har ka yi wannan tsawon?"

"To mene ne, Umma?"

"Tsoro ne yake masa ɗinki, ba wuta ba. Ka manta? Da, in aka kawo wuta yana cin abinci, cokalin ma bai san inda ya jefar ba. Cikin awa uku sai ya ɗinka aikin kwana biyu, don bai san minti nawa za ta yi ba. Yanzu wa yake binsa a guje? Babu."

Na riƙe ludayi a hannu ina kallonta. Gaskiya ta faɗa. Na tuna yadda layin yake a da: ana zaune ana hamma, sai wani daga can ƙarshe ya ƙwala "An kawo!", kafin ka ƙifta ido babu kowa a benci, sai ƙarar kekuna kamar ruwan sama a kan kwano. Duk ɗinkin Fagge da na sani a irin wannan gudun aka yi shi. Masu farantai sun kawo wuta, amma sun tafi da gudun.

Ban ƙarasa kokon ba na fita. Kawu yakan riga kowa buɗe shago, na same shi yana share ƙofa. Na gaishe shi, na ja shi gefe na zayyana masa abin da ke raina. Ya yi dariya har tsintsiya ta faɗi, sannan ya haɗe fuska.

"Kai, amana aka ba ni. In kashe wa jama'a wuta haka siddan? Ka raina ni."

"Kawu, ba siddan ba. Ka ɗaga kai ka ga rufin. Tantabarun unguwar nan sun mai da farantan banɗaki. Kuma masu aikin da bakinsu suka ce a riƙa wankewa, a kashe kafin a hau. Ba kai suka faɗa wa ba?"

"Wankin nan minti ashirin ne."

"In mutum yana gaggawa ba. Ni kuma mai tsoron tsani ne."

Ya shafa gemu. Ya leƙa cikin shagonsa inda manyan riguna uku na wani biki suke ninke, ko aljihu bai kafa musu ba. Ya ce, "Ni ma wallahi tun da abin nan ya zo ban iya zama a kan keke." Sai ya laluba aljihu ya taɓa makullin. "Amma in ta fashe, ban san ka ba."

Wajen ƙarfe tara, ana tsakiyar shayi, fankoki suka fara rage gudu. Talabijin ya mutu ana shirin buga fanareti. Layin ya fito waje gaba ɗaya kamar an taɓa gidan tururuwa. "An ɗauke!" Wani ma har ya fara yi wa masu wutar gari Allah ya isa, sai da aka tuna masa cewa mun daɗe da rabuwa da su.

Ni ina kan rufi da bokiti da tsumma, ina jin komai. Maganar farko da ta fito daga bakin Baba ita ce, "Innalillahi! Kayan Madam!" Mutumin da ya yi sati bai ambaci sunanta ba.

Aka taru a kan Kawu. Ya ɗaure fuska irin ta mai kai saƙon rasuwa, ya ce ana duba farantai.

"Yaushe za a gama?"

"Allah kaɗai ya sani."

Na wanke farantan nan kamar ina yi wa jariri wanka. Kowanne sai na goge shi gaba da baya, in tsaya in huta, in kalli gari. Daga can sama ana hango rufin Kasuwar Sabon Gari da manyan motocin da ke sauke kaya a kasuwar Singa. A ƙasa kuwa ina hango Baba ya kasa zama. Ya tambayi janareta, aka tuna masa yana ƙauye. Ya ɗaga katakon tsohon keken, ya tarar bel ɗin ya tsinke tun tuni. Sai ya koma ciki ya jera rigunan bisa girma, ya zura zare a keken ɗinki da na aikin wuya, ya ɗana hannun riga a ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafa a kan feda. Haka ya zauna yana gumi yana kallon ƙwan fitila.

Ana idar da sallar azahar Kawu ya shiga ɗakin batura. Fitilu suka kama. Wani daga ƙarshen layi ya saki muryarsa duka: "An kawo!" Kawu ya leƙo ya ƙara da cewa, "A yi sauri jama'a, ba tabbas!"

Wayyo, da ma na ɗauki bidiyo. Mai dara ya tsallake darar ya watsar da 'ya'yanta a kwata. Wani ya bar kwanon ɗanwake a kan benci, akuya ta zo ta gaje shi. Wani dattijo da ke cewa gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, shi ya riga kowa shiga shago. Baba kuwa ban ga fuskarsa ba har yamma, bayansa kawai nake gani a dunƙule, yadi na wucewa ta ƙarƙashin hannunsa kamar ruwa. Na kai masa abinci ya ce in ajiye. Wayarsa ta yi ƙara ya ce in ce ba ya nan. Kafin magariba riga tara sabbi sun hau bango.

Laraba muka maimaita. Kawu ya ce wai jiya ba a gama ɓangaren gabas ba. Wannan karon sha ɗaya ya dawo da ita, don kada a gane lokacin. Baba ya ƙara takwas. Kawu ma ya gama babbar riga ɗaya, ya fito yana nuna min ita ta bayan ƙyaure kamar kayan sata.

Alhamis ce na kwafsa. Da safe na yi sawu uku daga Singa zuwa bakin Tashar Jirgin Ƙasa da katan-katan na taliya, batirina ya yi ƙasa sosai. Wutar shaguna daban take da ta wurin caji, kuma ta shaguna kawai Kawu yake kashewa. Na ce a raina wa zai lura. Na jona adaidaita, na ɗauki bokitina na hau tsani.

Ban kai rabin tsanin ba na ga Baba ya taho, tef rataye a wuya, zai tambayi Kawu ko akwai labari. Ya zo daidai adaidaitata ya tsaya. 'Yar koriyar fitilar cajin tana ta ƙiftawa abinta, ba ruwanta. Ya kalle ta. Ya bi wayar da ido har bango. Ya ɗaga kai ya kalle ni. Ya juya ya kalli Kawu, wanda nan take ya shiga neman wani abu a aljihunsa.

"Kai," Baba ya ce, "wannan da me take ci?"

Na ce, "Baba, ragowa ce. Wadda ta saura a cikin waya."

"Ragowa."

"E, Baba."

"A cikin waya."

Kawu ya saki tari, wannan karon na gaske. Baba ya juya ya koma shago a hankali, hannu a baya.

Ranar ban ji daɗin aiki ba sam. Na san halin Baba. In ya ji an mai da shi abin wasa, yana iya rufe shago ya tafi gida, rigunan su zauna har Madam ta zo ta kwashe yankakken yadinta. Ko kuma ya tara layin ya faɗa musu, a karɓe makulli daga hannun Kawu, ni kuma in rasa inda zan saka fuskata. Na yi ta ɗaukar fasinja ina wuce inda za su sauka. Wata Hajiya ta ce, "Malam direba, mashin ɗinka ba ya ƙara, kai ma kunnenka ba ya ji?"

Da yamma na dawo ina raɓe-raɓe. Na leƙa shago. Riga bakwai sun ƙaru. Baba yana share guntayen zare daga kan keke, bai ko kalle ni ba. Ya kulle shago, ya tsaya a ƙofar Kawu.

"Alhaji."

"Na'am, Malam." Muryar Kawu ta yi ƙasa kamar ta ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba.

"Gobe ƙarfe nawa za a ɗauke?"

Kawu ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ya ce, "To, ai wannan sai Allah..."

"Madalla. Kada ku faɗa min. In na sani ba za ta yi aiki ba." Ya gyara hularsa, sannan ya juyo kaina. "Kai kuma ka sassauta wa farantan mutane. Sun kusa hujewa da wanki."

Juma'a kafin a tafi masallaci ya gama ukun ƙarshe. Bayan an sauko ya yi guga, ya ninke kowace da 'yar takardar sunanta a sama, ya saka a leda. Ya tsaya yana kallon tulin kamar bai yarda shi ya yi ba.

Asabar da safe na zo ɗaukar kaya, sai na tarar da shi cikin farar shaddarsa ta zuwa ɗaurin aure, har da turare. Na ce ai da ya bari na kai. Ya ce a'a, wannan da hannunsa zai miƙa, yana so ya ga fuskarta. Ya zauna a baya tsakanin jakunkuna biyu, hannu ɗaya a kan kowace. Muka tsallaka zuwa Sabon Gari, gosulo tun daga bakin kasuwa, masu baro da masu dako ba wanda ke jin tahowata sai na danna hon. Baba ko a jikinsa. Duk wanda ya sani a hanya sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Kai kaya za mu je. Yau ne alƙawarin."

Muka sami Madam tana jera leshi a gaban rumfa, kofin shayi da burodi a gefe. Tana ganin Baba cikin farar shadda ta dafe ƙirji.

"Malam Tela! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Ga kayanki."

"Wane kaya?"

Na sauke jakunkunan a gabanta. Ta zuge ɗaya a hankali kamar mai tsoron maciji. Ta zaro riga ta warware, ta duba aikin wuya, ta juya cikin ta bi ɗinkin da farce. Ta zaro wata. Ta ƙirga ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta sake ƙirgawa da Ibo. Sai ta nemi kujera ta zauna ta yi tagumi.

Baba ya gyara tsayuwa yana jiran yabo.

"Malam Tela," ta ce, "ka cuce ni."

"Na cuce ki? Akwai wadda ta lalace ne?"

"Ko ɗaya. Ina zan kai su? Gidana cike yake da baƙi, rumfar nan ko tsayuwa da ƙyar ake yi." Ta sauke numfashi, ta kalli gefe. "Bikin ba gobe ba ne."

"Ba gobe ba? An ɗaga?"

"Ba a ɗaga ba. Saura sati biyu. Da ma can saura sati biyu."

Ni na juya baya ina duba tayar adaidaita, don dariyar ta riga ta zo min wuya.

Baba ya ce, "Madam, tun yaushe kike min haka?"

"Tun shekara ta biyu. Ta farko ce kawai na faɗa maka ranar gaskiya, muka shiga coci da rigunan bara."

"Shekarar da kika zo shagona kika zauna kina hawaye, kina cewa gobe ne, gobe ne, har na fasa zuwa sunan jikan yayata?"

"Waccan shekarar na yi ƙoƙari, ko?" Ta kai bakin gyale ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Na ga fuskar Baba tana neman ɓaci, ta je har bakin ƙofa ta dawo. Sai ya fashe da dariya, irin wadda sai ya riƙe sandar rumfa. Madam ma ta saki tata. Maƙwabtanta suka leƙo suna tambayar me aka samu, ta ɗaga riga ɗaya sama tana juya ta a rana.

"Ku zo ku gani! Telan Fagge ya cika alƙawari! Da idona!" Ta juyo wurin Baba tana share hawaye. "Matar fasto ta riƙe telarta. Ni ina nan inda nake. Ɗana, zo ka mayar da jakunkunan nan cikin mashin."

"Mayarwa kuma?" in ji Baba.

"Ka ajiye min a shagonka. Zan zo in karɓa."

"Yaushe?"

"Cikin satin nan, in Allah ya yarda."

Haka muka koma Fagge da kayan da muka kawo. Baba bai saka su a lungu ba. Ya sa aka ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan a gaban shago, ya rataye rigunan talatin da biyu a jere inda duk mai wucewa zai gani. Kullum da hantsi sai ya ɗauki waya, ya buɗe murya yadda Kawu da rabin layi za su ji.

"Madam, ina kwana? To, yau ma ba mu gan ki ba. Kayanki fa sun tare min wuri. Haba Madam, alƙawari fa kaya ne."

In kwastoma ta shigo ta tambayi na wane ne waɗannan, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce ya gama su tun tuni, mai su ce ba ta da alƙawari. Sai da Madam ta yi kwana goma sha ɗaya kafin ta zo, kuma ranar da na kwashe su Baba ya biyo ni har bakin titi yana tambaya ko za a bar masa guda biyu a kan igiya zuwa Asabar.